Shin Iyakokin Harajin Albashi Za Su Motsa Baɗi? Amsa Ga Wani Ma'aikaci Daga Tawa

"Assalamu alaikum Malam. Ni ma'aikaci ne a wata ƙungiya mai zaman kanta a nan Tawa, ina da mata ɗaya da ƴaƴa biyu. Albashina jika 200 ne kafin a cire komai. Bana aka ƙara mini jika 20, amma da biltan ya fito sai na ga abin da ya ƙaru a hannuna jika 15 ne da ƴan kai. Na kuma ji a rediyo cewa a wasu ƙasashe kowace shekara ana ɗaga iyakar kuɗin da ake yanka wa haraji, har masana kan faɗi ta baɗi tun gwamnati ba ta sanar ba. Mu ma za a ɗaga tamu baɗi? Akwai hanyar da mutum zai san abin da za a cire masa tun yanzu? In dai haraji ne zai riƙa cin ƙarin albashi, ina amfaninsa?"

Wa alaikumus salam ƙanena. Allah ya sa albarka a cikin ƙarin, ya raya zuri'a.

Tambayarka uku ce a dunƙule: ina jika biyar ɗinka suka shiga, ko iyakokin harajinmu za su motsa baɗi, sannan ko ana iya hango su tun daga nesa. Na yi shekaru ina haɗa albashin ma'aikata a nan Yamai, kuma duk ƙarshen Janairu, bayan ƙarin sabuwar shekara ya shiga, sai ka tarar da mutane tsaye bakin birona riƙe da biltan, wato takardar albashi, kowa da irin tambayarka a bakinsa. Wani ma da fushi yake shigowa, yana zaton kwantabul ne ya taɓa masa kuɗi. Saboda haka bari mu fara da biltan ɗin naka, don sai an san yadda ake yankan kafin a yi maganar baɗi.

Inda jika biyar suka shiga

Lanhon da ake cirewa daga albashi shi ne ka ga an rubuta ITS a takardarka. Tsofaffin ma'aikata har gobe IUTS suke ce masa, sunansa na da. Mai aiki ne yake cire shi kowane wata ya kai wa hukumar haraji ta ƙasa, DGI, shi ya sa ma'aikaci ba ya ganin kuɗin ko da idonsa. Kuma ba a kan albashinka gaba ɗaya ake ɗora shi ba. Da farko ana cire kason Kes, wato CNSS, kashi 5.25 cikin ɗari, wanda ajiyar tsufanka ce. Ma'aikatan gwamnati nasu asusun daban ne, CARENI. Bayan haka ana yafe kashi 10 cikin ɗari a matsayin ɗawainiyar aiki. Sai ragin iyali: mai nauyin mutum ɗaya a rage masa kashi 5, mai biyu kashi 10, mai uku kashi 12, huɗu 13, biyar 14, shida 15, mai bakwai kuma kashi 30, ba a wuce nan. Abin da ya saura bayan wannan tankaɗe shi ake kaiwa gaban jadawali.

Jadawalin da ke cikin kundin haraji na 2012, wanda na yi shekara da shekaru ina aiki da shi, hawa tara ne, kuma na wata-wata ne. Jika 25 na farko ana cire musu kashi 1. Daga nan zuwa jika 50 kashi 2, zuwa jika 100 kashi 6, zuwa jika 150 kashi 13. Sai babban tsalle: daga jika 150 zuwa 300 kashi 25. Daga 300 zuwa 400 kashi 30, zuwa 700 kashi 32, zuwa miliyan ɗaya kashi 34, abin da ya haura miliyan kuma kashi 35.

Abin da mutane da yawa ba su gane ba shi ne kowane hawa kuɗin da ke cikinsa kawai yake taɓawa. Ko minista, jika 25 ɗinsa na farko kashi 1 ake cire musu, daidai da mai gadin ƙofarsa. Na taɓa zama da wani direba, dattijo mai kirki, wanda ya zo yana roƙo a janye masa ƙarin da aka yi masa, don wani ya gaya masa in ya tsallaka jika 150 za a kwashe rubu'in albashinsa duka. Sai da na ɗauki alƙalami na zana masa layuka tara a bayan wata tsohuwar ambulan, muka zuba kuɗinsa layi bayan layi, ya ga da idonsa cewa ɗan abin da ya leƙa sama ne kaɗai ake yanka wa kashi 25, sannan hankalinsa ya kwanta. A wannan tsari babu ƙarin albashin da zai sa abin da kake kaiwa gida ya ragu. Wannan ita ce amsar tambayarka ta ƙarshe, wato ko ƙarin albashi na da amfani, kuma ina so ka riƙe ta.

Yanzu ga naka. Jika 200, a cire Kes, a cire kashi 10, a cire kashi 12 na mutum uku da ke wuyanka, abin da ya saura wajen jika 150 ne. Ka ga ashe a bakin gaɓa kake tsaye tun kafin ƙarin. Harajin jika 150 shi ne sefa 10,250: 250 a hawan farko, 500 a na biyu, 3,000 a na uku, 6,500 a na huɗu. Da albashi ya koma jika 220, abin da ake ɗora wa haraji ya zama wajen jika 165, kuma jika 15 ɗin da suka ƙaru duk sun faɗa hawan kashi 25. Rubu'insu sefa 3,750 ke nan. Kes kuma ta ɗauki 1,050 daga jika 20 ɗin. Haɗa su ka samu 4,800, ka ga jika 15 da ƴan kai suka rage. Kwantabul ɗinku bai cuce ka ba, lissafinsa daidai ne.

Yadda ake yi a inda ake hasashen

Don ka gane abin da ka ji a rediyo, ka tuna nisabin zakka. Shari'a ba ta ce sefa kaza ba ne nisabi. Ta ɗaure shi da zinariya, dinari 20, wanda malamai suka ƙiyasta da kusan giram 85. Shi ya sa kowace shekara sai a dubi farashin zinariya a sake faɗin nisabi da kuɗin da ke hannun mutane. Da a ce an tsayar da shi a wani adadi na sefa tun zamanin kakanninmu aka bar shi a nan, da yau mai tallan ƙosai ma ya zama mai fidda zakka, alhali shi ya cancanci a ba shi. Kuma duk wanda ya san farashin zinariya a kasuwa zai iya gaya maka nisabin bana tun malamai ba su sanar ba, don ƙa'idar a fili take.

To haka Amurka take yi da iyakokin harajinta. Wata doka ta 1981, zamanin Ronald Reagan, ta ɗaure su da tsadar kayan masarufi, aka fara aiki da hakan a 1985. Hukumar harajinsu, IRS, tana amfani da alƙaluman farashi na watanni 12 da ke ƙarewa a Agusta. Da zarar alƙaluman Agusta sun fito a cikin Satumba, duk mai kwamfuta da ya san ƙa'idar zai iya fitar da iyakokin baɗi, hukumar kuma ta tabbatar a Oktoba ko Nuwamba. Misali, adadin da ake yafe wa mutum guda mara aure kafin a fara ƙirga masa haraji ya tashi daga dalar Amurka 13,850 a 2023 zuwa 14,600 a 2024, ƙarin kashi 5.4 ke nan. Wannan hasashe ba duba ba ne, lissafi ne da doka ta riga ta shimfiɗa hanyarsa.

Faransa, wadda muka gaji tsarin harajinmu daga gare ta, ba ta ɗaure abin da ƙa'ida irin wannan ba, amma al'ada ce majalisarsu ta ɗaga iyakokin a cikin dokar kasafin kowace shekara: kashi 5.4 a kasafin 2023, kashi 4.8 a na 2024. Da yake al'ada ce, ana iya karya ta, kuma sun karya a 2012 da 2013 lokacin da aljihun gwamnati ya matse. Ingila ma da gangan ta daskarar da adadin da ba a taɓawa a kan fam 12,570 tun Afrilun 2021, kuma gwamnatinsu ba ta ɓoye cewa kuɗin shiga take nema da hakan ba. Maƙwabtanmu na Najeriya kuwa irinmu ne, jadawalinsu ya zauna tun 2011 yayin da naira ke zubewa, sai a Yunin 2025 Shugaba Tinubu ya sa hannu a sabuwar doka da ta yafe haraji a kan naira 800,000 na farko a shekara, aka sa ranar fara aikinta 1 ga Janairun 2026. Ina jin wannan labarin ne ya fi yawo a rediyoyin da ake saurare a Tawa da Ƙonni. Amma ka lura, nasu gyara ne na lokaci guda bayan shekara 14, ba ɗagawar kowace shekara ba.

Abin da zaman iyakoki wuri ɗaya yake ci

A Nijar iyakokinmu da sefa aka rubuta su, ba a ɗaure su da komai ba. Jika 150 na lokacin da aka rubuta kundin 2012 shi ne jika 150 na bayan shekara goma, a takarda. A kasuwa kuwa ka fi ni sani. Ka tambayi uwargida abin da take cefanawa da jika ɗaya a wancan lokaci, da abin da jika ɗaya ke sayowa yau, ko ka tuna kuɗin tiyar hatsi da na hayar ɗaki ciki da falo.

Bari in nuna maka da alƙalami, don a nan ne zuciyar maganar take. Ɗauki ma'aikacin da ake ɗora wa haraji a kan jika 150. Yana biyan 10,250, ƙasa kaɗan da kashi 7 cikin ɗari. A ce cikin wasu shekaru kaya sun yi tsada da kashi 20, mai aikinsa kuma mutumin kirki ne, ya ƙara masa kashi 20 cif. Yanzu yana kan jika 180. Buhun shinkafar da yake iya saye bai ƙaru ba ko da ƙwaya, arzikinsa yana nan inda yake. Amma harajinsa ya zama 17,750, kusan kashi 10 cikin ɗari. Da an ɗaga iyakokin da kashi 20 kamar yadda ake ɗaga nisabi, da 12,300 zai biya. Bambancin sefa 5,450 ne kowane wata, 65,400 a shekara. Wannan kuɗin makarantar yaro ne, ko wani kaso mai kauri na ragon layya. Ba a yi zaman majalisa a kansa ba, ba a karanta shi a labaran gidan rediyon Voix du Sahel ba, amma an ƙara masa haraji.

Abin da ya fi damuna shi ne wanda nauyin ke faɗa wa. Ɗauki babban darakta da ake ɗora wa haraji a kan miliyan ɗaya da rabi. In aka yi masa irin wannan ƙari ya koma miliyan 1.8, abin da zaman iyakokin ya ci masa sefa 14,850 ne a wata, bai kai kashi 1 cikin ɗari na kuɗinsa ba, don shi ya riga ya kai ƙololuwa, babu sauran hawan da zai faɗa. Na jika 180 kuwa kashi 3 ya rasa. Na can ƙasa ma abin bai cika taɓa shi ba: da aka ɗaga mafi ƙarancin albashi daga sefa 30,047 zuwa 42,000 a farkon 2024, harajin mai wannan albashi, ko ba shi da iyali, bai kai dala ɗari ba, wato sefa 500, a wata. Wanda ke shan dukan shi ne na tsakiya, mushen lakwal, da malamar asibiti, da magatakarda, da irinka, waɗanda ke zagaye da gaɓar jika 150, inda haraji ke tsalle daga 13 zuwa 25. A duk jadawalin babu tsalle mai faɗin wannan. Kuma waɗannan su ne mutanen da gari guda ke rataye a wuyansu. Ma'aikaci ɗan Adar da ke Yamai ko Tawa, ban da matarsa da ƴaƴansa, akwai tsohuwa a ƙauye, da ƙanne ƴan makaranta, da buhun da ake jira lokacin bazara in rumbu ya yi ƙasa. Ragin iyali mata da ƴaƴa yake dubawa, sauran duk a aljihunsa suke.

Ni ban ce kada a biya haraji ba. Da shi ake biyan soja da likita da malamin makaranta, kuma ƙasar da ba ta tara nata ba kullum hannunta a miƙe yake. Abin da nake cewa, in gwamnati na bukatar ƙari daga ma'aikaci, ta fito ta faɗa, a san an yi. Ƙarin da ke shigowa ta bayan gida, ya tsallake babba ya sauka kan na tsakiya, ba na ganin adalci a cikinsa.

Me ya sa ba a ɗagawa

Dalili na farko kuɗinmu ne. Sefa a ɗaure take da yuro, 655.957 a kan yuro ɗaya, kuma ƙa'idar UEMOA, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma masu amfani da sefa, ita ce tsadar kaya kada ta wuce kashi 3 cikin ɗari a shekara. Tun bayan karyewar darajar sefa a Janairun 1994, mafi yawan shekaru tashin farashi a hankali yake tafiya in aka gwada da na Najeriya ko Gana, don haka ba wanda ya ji wuta a ƙafarsa har ya ce a gyara jadawali. Sai dai da yayyafi kogi kan cika. Kashi 3 a shekara, in ya hau kan juna shekara goma, ya haura kashi 34. Sannan ga abin da ya biyo bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, da aka rufe iyakokin Benin da Najeriya, kayan da suka saba shigowa ta Kwatano suka koma zagayowa ta Lome da Burkina da rakiyar soja. Ku da ke kusa da Ƙonni kun ga yadda shinkafa da mai suka yi. A wannan tsakani tsadar ta wuce ƙa'idar kashi 3 nesa ba kusa ba, iyakokin haraji kuwa suna inda suke.

Na biyu shi ne baitulmali. UEMOA na son kowace ƙasa ta tara harajin da ya kai kashi 20 cikin ɗari na arzikin da take samarwa a shekara, Nijar kuwa tana can ƙasa da haka sosai. Mafi yawan ƴan ƙasa manoma ne da makiyaya da ƴan kasuwar da ba su da biltan. Babban ɗan kasuwa a kasuwar Katako ta Yamai na iya juya miliyoyi a mako, sai an bi shi an yi ciniki kafin a samu abin da aka samu. Harajin albashi kuwa da ƙafarsa yake zuwa kowane wata, ba a aika kowa. Ga shi a Oktoban 2023, bayan an yanke tallafin waje, sai da aka zaftare kasafin shekarar da kusan kashi 40, daga biliyan 3,291 zuwa biliyan 1,981. Ministan kuɗin da ke cikin irin wannan hali, ga yaƙi da ƴan ta'adda na cin kuɗi, da wuya ya saki abin da ke shigowa ba wahala.

Na uku namu ne, mu ma'aikata. Manyan ƙungiyoyin ƙwadago irin su USTN da CDTN sun sha sa maganar rage harajin albashi cikin koken da suke miƙawa ranar 1 ga Mayu, kuma sun kyauta. Amma a ganina an fi karkata ga neman ragi na lokaci guda. Ragi irin wannan, in an samu, shekara biyar ta isa tsada ta cinye shi, a koma gidan jiya. Da ni ake shawarta a sandika, da layi ɗaya zan ce a nema a cikin doka: kowace shekara a ɗaga iyakokin ITS daidai da ma'aunin farashin da hukumar ƙididdiga ta ƙasa, INS, take fitarwa. Ma'aunin yana nan, duk wata ana wallafa shi. In gwamnati ta ga ba za ta iya ba a wata shekara, sai ta fito ta ce ta dakatar, kamar yadda Faransa ta yi, kowa ya ji. In ma hakan ya yi nauyi, a fara da raba hawan nan na 150 zuwa 300 gida biyu, a sa wani mataki tsakanin 13 da 25.

To baɗi fa?

A nan ne iyakar sanin kwantabul take. Tunda babu ƙa'idar da ke motsa iyakokin da kansu, ba lissafin da zan yi in ce maka baɗi jika 150 za ta koma kaza. Duk wanda ya ba ka irin wannan adadi a WhatsApp tun dokar kasafi ba ta fito ba, ka tambaye shi inda ya gani a rubuce. Canji a nan shawara ce ta masu mulki, kuma ta ƙofa ɗaya take fitowa: dokar kasafin kuɗi, ko gyaran kundin haraji. Shekarar kasafinmu daga Janairu take zuwa Disamba. A da, daftarin kan isa majalisar dokoki a zaman Oktoba, a yi ta muhawara, har ta kan fito titi, kamar zanga-zangar da aka yi a Yamai a ƙarshen Oktoban 2017 kan kasafin 2018. Tun bayan Yulin 2023 kuwa da umarnin doka na shugaban ƙasa ake zartar da kasafi, don haka tazarar da ke tsakanin jin labari da fara aiki ta ragu. Abin da nake yi ni kaina, daga Nuwamba nake bin sanarwar taron ministoci a jaridar Le Sahel, in dokar ta fito in nemi rubutunta, in jira takardar bayani daga DGI, kuma ba na taɓa ko lamba ɗaya a na'urar albashi sai na ga wannan. Kai ma a Janairu ka tambayi kwantabul ɗinku, ko ka leƙa ofishin lanho na Tawa, ka ce a nuna maka jadawalin da ake aiki da shi a shekarar, ka gwada da wanda na zayyana maka a sama.

In ka ce in faɗi inda hankalina ya fi karkata, zan ce ka yi shirinka kamar iyakokin ba za su motsa ba. Haka suka saba, kuma dalilan da na lissafa ba su kau ba. In aka ɗaga, ka samu alherin da ba ka sa a lissafi ba.

Amma akwai hasashen da kai za ka iya yi, kuma ya fi na rediyo amfani a gare ka. A inda kake yanzu, da nauyin mutum uku, duk jika ɗaya da aka ƙara maka, wajen sefa 750 ne ke isa gaban jadawali, a cire musu rubu'i, kusan 188, Kes ta ɗauki kusan 52. Abin da zai shigo hannunka wajen sefa 760 ne. Haka zai ci gaba har albashinka ya kai wajen jika 400, inda za ka taka hawan kashi 30. Ka rubuta wannan 760 a wani wuri. In an ce za a ƙara maka jika 30 baɗi, ka san jika 23 ba kaɗan za ka gani, kada ka ɗauki adashi ko bashin babur a kan 30. In kuma za ka zauna da shugabanku neman ƙari, ka yi magana da abin da ke shiga hannu. Yanzu kana kai wajen jika 194 gida. In kaya suka tashi da kashi 5, kana bukatar kusan 9,700 a hannu kafin ka tsaya inda kake, wanda ke nufin ƙarin kusan 12,800 a takarda, wato kusan kashi 6. Shugabannin ƙungiyoyi da yawa, musamman baƙi, ba su san wannan ba sai an nuna musu.

Sai maganar takardun iyali, wadda ita ce na fi ganin mutane na asara a kanta ba gaira ba dalili. Ragin iyali ba ya shiga da kansa, sai ka kai takardar aure da ta haihuwa. Akwai wani matashi da muka yi aiki tare a wani wuri, ya yi aure a garinsu, aka haifa masa biyu, mu duka mun ci naman suna, amma a takarda gwauro ne, don bai taɓa zuwa mairi ya yanki takardun ba. Mai albashi irin naka da ya yi wannan sakaci yana biyan wajen 19,600 maimakon 14,000, asarar jika biyar da rabi kowane wata. Ranar da na buga masa lissafin shekara biyu ya daɗe bai ce komai ba. Ka duba biltan ɗinka da kyau ka tabbata an rubuta 3 a gurbin nauyin iyali. Daga lissafin da muka yi alama ta nuna an rubuta, amma in Allah ya kawo na uku kada ka yi jinkiri, ko da yake daga nan ragin kashi ɗaya-ɗaya yake ƙaruwa, abin da zai sauka daga harajinka bai kai dala ɗari ba a wata.

Abu na ƙarshe da zan ja maka kunne a kai: za ka haɗu da masu ce maka a rubuta ƙaramin albashi a takarda, a ba ka sauran a hannu, don a kauce wa kashi 25. Kada ka yarda. Ban da cewa saɓa doka ne, fanshonka a Kes da abin da aka rubuta ake lissafa shi, haka ma haƙƙin sallama in aiki ya ƙare, haka banki in ka je neman rance. Na ga dattawan da suka yi shekara talatin suna aiki, ranar da suka je karɓar fansho aka buɗe takardunsu aka tarar da rabin albashinsu kawai aka taɓa bayyanawa.

Lissafin da na yi maka na ɗauka jika 220 ɗin duka albashi ne da ake yanka wa haraji. In a ciki akwai wasu alawus, kamar na tafiye-tafiyen aiki ko kuɗin iyali da Kes ke biya, hukuncinsu daban ne kuma lambobin za su ɗan sauya. In ka ga bambancin ya wuce ƴan ɗaruruwa, ka ɗauki biltan na watan da ya gabaci ƙarin da na bayansa, ka zauna da kwantabul ɗinku ku bi su layi-layi. Ka gaida iyali da mutanen Tawa.